Yadda Ake Haɗa Lasifikoki Masu Jin Umarni Su Saki Sauti Ɗaya a Ɗakuna Da Yawa

Idan aka kunna rediyo biyu a tasha ɗaya, ɗaya a falo ɗaya a kicin, muryar mai gabatarwa tana fita a tare ba tare da wani ya yi komai ba, domin duka biyun suna kama igiyar da tashar ta watso a lokaci guda. Amma idan aka ɗauki wayoyi biyu aka danna waƙa ɗaya daga intanet, ko da mutum biyu ne suka ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin su danna, sai an ji ɗaya ta riga ɗaya, kuma wanda ya tsaya a tsakaninsu zai ji kiɗan yana cin karo da kansa. Dalili shi ne kowace waya tana jawo nata kason daga intanet, tana ajiye shi na ɗan lokaci, sannan ta sake shi bisa nata agogon. Wannan matsalar ce tsarin sauti na ɗakuna da yawa ya zo ya warware, kuma wanda ya gane ta tun farko ba zai sha wahalar gane sauran matakan ba.

Lasifika mai jin umarni ƙaramar kwamfuta ce da aka haɗa mata makirufo da lasifika. Idan aka ce ta saka waƙa, ita da kanta take zuwa intanet ta Wi-Fi ta ɗauko, wayar mai gida kuwa ba ta wuce matsayin rimot ba. Idan aka tara irin waɗannan lasifikoki a rukuni ɗaya, sai su daidaita agogonsu ta hanyar Wi-Fi na gidan, kowace ta riƙe sautin har zuwa lokacin da aka ƙayyade musu, sannan su sake shi a tare. A tsarin kamfanin lasifika na Sonos, alal misali, lasifika ɗaya ce ke zama jagorar rukuni, ita ke ɗauko sautin ta rarraba wa sauran. Wannan ya sha bamban da Bluetooth, inda sautin ke fita daga waya zuwa lasifika ɗaya tilo, kuma da zarar mai wayar ya fita ƙofar gida sai waƙar ta yanke.

Zaɓen kamfani ɗaya kafin a sayi komai

Kuskure mafi tsada shi ne a sayi lasifika ɗaya ta wannan kamfani, bayan wata biyu a ga wata ta wani kamfanin da araha a ƙara, da zaton za su yi aiki tare. Ba za su yi ba. Manyan tsare-tsaren guda huɗu ne. Amazon ya fito da Echo mai amfani da Alexa, wato muryar da ke amsa umarni, a 2014, ya ƙara masa sautin ɗakuna da yawa a 2017. Google ya fito da Google Home a 2016, daga baya sunan ya koma Nest, kamar Nest Mini na 2019 da Nest Audio na 2020. Apple ya fito da HomePod a 2018, a shekarar ne kuma AirPlay 2, hanyar Apple ta tura sauti zuwa lasifikoki, ya zo, sannan HomePod mini ya biyo baya a 2020. Sai Sonos, kamfanin da aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 2002, wanda tun asali sana'arsa ke nan, rarraba sauti a ɗakuna, tun kafin a fara yi wa lasifika magana.

Ba a saka Echo da Nest a rukuni ɗaya. Abin da ya fi ruɗa mutane ma shi ne lasifikar Sonos da ke amsa sunan Alexa ba ta shiga rukunin kiɗa na Echo, domin muryar da ke amsawa daban, hanyar daidaita sauti daban. Wani wurin da ake samun sassauci shi ne AirPlay 2, wanda ke barin mai iPhone ya haɗa HomePod da lasifikar Sonos ko ta wani kamfanin da ke karɓar AirPlay 2 su yi waƙa ɗaya a tare.

Ga mai zama a Kano, Kaduna, Maraɗi ko Damagaram, akwai wata tambayar da ta riga ta ingancin sauti, wato wace manhajar kiɗa ce za ta yarda ta yi aiki da lasifikar. Galibin waɗannan na'urori 'yan kasuwa ne ke shigo da su daga waje, kuma jerin manhajojin da ake iya haɗawa da su ya danganta da ƙasar da ke rubuce a asusun mai su. Spotify ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021 tare da ƙasashen Afirka da dama, YouTube Music ya riga shi a 2020, Apple Music kuwa ya daɗe. YouTube Music ba ya cikin manhajojin da Alexa ke kunnawa da umarnin baki. HomePod ya fi jituwa da Apple Music, Spotify kuwa sai ya bi ta iPhone kafin ya isa gare shi, kuma ba a iya saita HomePod sai da iPhone ko iPad. A ganina, gidan da wayoyinsa Android ne ya fi samun sauƙi da Google, saboda rukunin lasifikokinsa yana bayyana a cikin manhajojin kiɗa masu alamar Cast, wato maɓallin tura sauti zuwa lasifika, muddin wayar tana kan Wi-Fi ɗaya da su, ko da umarnin baki bai samu ba. Gidan da kowa ke riƙe da iPhone ya tsaya a kan HomePod ko Sonos.

Idan ta hannu za a saya, a tabbatar tsohon mai ita ya cire ta daga asusunsa kuma an mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A kuma duba rubutun da ke jikin cajarta: idan an rubuta 100 zuwa 240V, za ta ɗauki wutarmu, abin da za a nema kawai shi ne adafta da za ta dace da soket. Shawarata ita ce a fara da guda biyu kacal, a zauna da su mako biyu, kafin a yi tunanin ta uku.

Wuta da Wi-Fi, inda yawancin aikin yake

Mutum yakan kashe kuɗinsa a kan lasifika ya bar rautar gida, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, yadda take, alhali kusan duk tsinkewar sauti daga wurinta take tasowa. Sharaɗi na farko, wanda babu sassauci a cikinsa, shi ne dukan lasifikokin su hau Wi-Fi ɗaya. Ba ya isa a ce kowace tana da intanet. Dole ne su iya ganin juna a cikin gida. Saboda haka ba a ɗora su a kan layin baƙi da wasu rautoci ke buɗewa, domin an tsara shi ne ya hana na'urori magana da juna. Haka kuma idan rautar tana da saitin da ake kira AP Isolation, a kashe shi. Ƙaramar na'urar ƙara nisan Wi-Fi da ake makalawa a soket ita ma takan kawo rikici idan ta buɗe nata layin da suna daban, sai a wayi gari lasifikar falo tana wani layi ta ɗakin baya tana wani.

Yawancin rautoci suna watsa zango biyu, na 2.4 da na 5 GHz. Na 5 ya fi sauri kuma ya fi ƙarancin cunkoso, amma bangon bulo da siminti yana raunana shi da wuri, balle a ce akwai rufin kankare ko ƙofar ƙarfe a tsakani. Na 2.4 ya fi ratsa bango ya yi nisa, sai dai shi ne Wi-Fi na maƙwabta da Bluetooth ke cunkushewa. Sauti ba ya buƙatar gudu mai yawa, abin da yake buƙata shi ne layi mara yankewa, don haka a gidan da ɗakuna suka kewaye tsakar gida, sau da yawa 2.4 ne ke riƙe rukuni lafiya. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a tsaya da waya daidai inda ake son ajiye kowace lasifika, a rufe ƙofa yadda aka saba rufe ta, a kunna bidiyo na minti biyar. Idan ya tsaya yana juyawa, lasifikar ma za ta sha wannan wahalar a wurin.

A ɗaga rautar daga ƙasa, a fitar da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad, a kai ta wuri mafi kusa da tsakiyar gida. Idan gidan babba ne, ko sashen maigida da na iyali suna nesa da juna, abin da ya dace shi ne tsarin mesh, wato rautoci biyu ko uku masu aiki da suna ɗaya, kuma ya fi kyau a haɗa su da kebul idan da hali. Ƙaramar MiFi ta aljihu za ta iya ɗaukar lasifika biyu a ɗakuna maƙwabta, amma ƙarfinta ba ya nisa kuma adadin na'urorin da take karɓa ƙayyadajje ne, ga shi duk ranar da mai ita ya sa ta a aljihu ya fita, gidan ya yi tsit.

Batun wuta ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san ɗaukewarta. Echo, Nest da HomePod ba su da batir. Abin farin ciki shi ne cinsu kaɗan ne: cajar Echo Dot ta zamani da ta Nest Mini wat 15 ce, ta HomePod mini wat 20, ta Nest Audio wat 30, kuma wannan shi ne iyakar abin da cajar ke iya bayarwa, abin da suke ja a zahiri bai kai haka ba. Ƙananan lasifikoki uku ba su kai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ba. Don haka wanda ke da inbata ko sola ya ɗora rautar da lasifikokin a kan layinta. Wanda ba shi da ita, aƙalla ya samar wa rautar ƙaramin batirin ajiya, saboda idan wuta ta dawo lasifika takan riga rauta farkawa, ta nemi Wi-Fi ta rasa, kuma wani lokaci sai an zare ta an mayar kafin ta koma rukuni. A kuma sa musu abin kariya daga hauhawar wuta, musamman a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareto.

Sai lissafin data. Sautin da ke gudana a kan kilobit 320 a daƙiƙa, wanda shi ne babban matakin da Spotify ya daɗe yana bayarwa har zuwa 2025, yana cin kimanin megabait 144 a awa. Awa huɗu kullum ya kama kusan gigabait 17 a wata. A kan kilobit 160 rabin haka ne. Wanda ke sayen data da ƙididdiga ya yi wannan lissafin tun kafin ya saba da barin kiɗa yana tashi daga safe zuwa dare.

Saita lasifika ta farko, da batun suna

A sauke manhajar da ta dace: Amazon Alexa ga Echo, Google Home ga Nest, Home ta cikin iPhone ga HomePod, ko manhajar Sonos. A shiga da asusu ɗaya, kuma wannan asusun ne za a yi amfani da shi ga dukan lasifikokin gidan, domin lasifikar da aka yi wa rajista da asusun ɗa ba za ta fito a jerin da ke wayar uba ba. A haɗa wayar da Wi-Fi ɗin da ake so lasifikar ta hau, a kunna Bluetooth na wayar saboda da shi manhajar ke gano sabuwar na'ura, sannan a jona lasifikar a bi abin da ke fitowa a fuskar waya. HomePod ma kusantar da iPhone kawai ake yi, sai tambayar saitawa ta fito da kanta. Bayan an gama, a bar ta a jone na ɗan lokaci ta sabunta manhajar cikinta, sannan a yi wa ta biyu haka. Kada a yi gaggawar haɗa rukuni sai an gwada kowace ita kaɗai an ji ta yi waƙa.

A nan ne ya kamata a dakata a yi tunani, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke karɓar umarni da Hausa. Suna jin Turanci da Faransanci, wanda ya sauƙaƙa wa mutanen Nijar, kuma Alexa ta fara jin Larabcin ƙasashen Gulf a 2021. Ma'anar wannan ita ce idan aka sa wa lasifika suna Tsakar Gida ko Ɗakin Hajiya, sunan zai zauna daram a manhaja, amma ranar da aka furta shi na'urar za ta yi ta laluben kalmar Turancin da ta yi kama da shi. Ya fi a zaɓi gajerun sunaye a harshen da aka saita ta, waɗanda ba su yi kama da juna a kunne ba, kuma waɗanda kowa a gidan zai iya furtawa, har da tsofaffi da yara. Kitchen, Office da Garden sun bambanta sarai. Bedroom da Bathroom kuwa sukan rikice a bakin mai sauri, haka ma Room One da Room Two.

Wannan matsalar ta fi tsanani a sunayen mawaƙa da waƙoƙin Hausa, musamman masu ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ ko ts. Mutum zai ambaci sunan mawaƙin gargajiya da ya tashi yana ji, sai na'urar ta saka masa wata waƙar Turawa da bai taɓa sani ba. Maganin da ya fi aiki shi ne a buɗe manhajar kiɗa a waya, a tara waƙoƙin da ake so a jeri ɗaya, a sa wa jerin suna mai sauƙi kamar Morning ko Friday, daga nan sai a riƙa kiran jerin da wannan sunan. Haka ake yi wa karatun Alƙur'ani da wa'azi da shirye-shiryen sauraro. Aikin rabin awa ne, amma shi ke raba wanda ke jin daɗin na'urarsa da wanda ke yi mata tsawa kullum.

Sai a haɗa asusun kiɗa. A manhajar Alexa ana samun wannan a cikin Settings ƙarƙashin Music & Podcasts, a Google Home kuma a sashen Music na saituna. Bayan an haɗa, a zaɓi manhajar a matsayin ta dindindin, don kada a riƙa ƙara “on Spotify” a ƙarshen kowane umarni.

Haɗa rukunin

A manhajar Alexa, a shiga Devices, a danna alamar ƙari, a zaɓi Combine speakers, sannan Multi-room music. Za a ga jerin lasifikokin gidan, a zaɓi waɗanda ake so, a ba rukunin suna, a adana. Alexa takan samar da rukuni mai suna Everywhere wanda ya ƙunshi duka. A lura cewa akwai wani nau'in rukuni a manhajar wanda na ɗaki ne, ana tara fitilu da sauran na'urori a cikinsa, kuma shi ba ya daidaita sauti. Wanda ya bi ta nan zai yi mamakin me ya sa lasifika ɗaya ce kawai ke waƙa.

A Google Home, a danna alamar ƙari, a nemi Speaker group, a zaɓi lasifikokin, a sa suna. Talabijin mai Chromecast, na'urar Google ta karɓar sauti da bidiyo daga waya, ma yana iya shiga. A tsarin Apple kuwa, kowace HomePod ana ba ta ɗaki a manhajar Home, ana iya tara ɗakuna a shiyya ɗaya kamar sama ko ƙasa, kuma daga alamar AirPlay a iPhone ana iya danna lasifika biyu ko fiye nan take ba tare da an kafa rukuni na dindindin ba. Sonos ma haka yake, daga manhajarsa ake haɗa ɗakuna a raba su yadda aka ga dama. Kamfanonin sukan sauya wurin da maɓallan suke idan sun sabunta manhaja, amma sunayen ba su cika canzawa ba.

Kada a tsaya a rukuni ɗaya na gida duka. Rayuwar gida ba haka take ba: da asuba ana son karatu a falo da kicin ba tare da an tashi jariri ba, da rana uwargida tana son nata a kicin da tsakar gida, ranar suna ko walima ne kawai ake son ko'ina ya ɗauka. A kafa rukuni biyu ko uku bisa wannan. Wanda ya sa lasifika kusa da banɗaki kuma yana sauraron Alƙur'ani, ya kafa rukuni na musamman da babu ita a ciki, ya riƙa kiran karatu da sunan wannan rukunin, kada ya dogara da Everywhere.

Akwai bambanci tsakanin rukuni da tagwaye. Idan aka ajiye lasifika biyu iri ɗaya a ɗaki ɗaya, ana iya haɗa su ɗaya ta ɗauki ɓangaren dama ɗaya na hagu, kuma daga nan manhaja tana ɗaukarsu a matsayin lasifika guda da za a iya sakawa cikin rukuni. Wannan sai samfurinsu ya zama ɗaya. Ba a haɗa HomePod babba da mini a matsayin tagwaye.

Umarnin da za a riƙa amfani da su ba su da yawa. Ana cewa “Alexa, play Morning playlist everywhere”, ko a maye kalmar ƙarshe da sunan rukuni a ce “on Downstairs”. Ga Google ana cewa “Hey Google, play Friday playlist on Downstairs”, ga Apple kuma “Hey Siri, play this everywhere”. Idan ana sauraro a falo aka tashi zuwa kicin, ana iya cewa “move the music to the kitchen”, sautin ya bi mutum daga inda ya tsaya. Kalmomin pause, resume, next da stop suna aiki a kan rukunin duka daga kowace lasifika da ke cikinsa, abin da ke da amfani idan aka ji kiran salla ko aka yi sallama a ƙofa. Idan ana so kalmar “play” kaɗai ta riƙa tayar da rukuni ba tare da an ambaci sunansa ba, Alexa tana da saitin Preferred speaker, Google kuma yana da Default music speaker.

Ƙarfin sauti da jinkiri

Amfanin lasifikoki da yawa shi ne a daina ƙure ɗaya don na nesa ya ji. A fara da kowace a ƙasa, kamar mataki na 3 cikin 10, a zagaya gidan da ƙafa, a ƙara wa kicin saboda ƙarar girki da fanka, a rage wa ɗakin kwana. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana ƙara wa sauti kauri da amo fiye da mai kafet da labule. Kada a cusa lasifika a lungu ko a manna ta da bango, kuma kada a ajiye ta dab da talabijin, domin makirufonta zai kasa rarrabe muryar mai umarni da ta mai karanta labarai.

Wani lokaci rukuni yana daidai amma kunne yana jin kamar akwai jinkiri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita tana cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Wanda ke zaune kusa da lasifikar falo yana kuma jiyo ta tsakar gida daga nisan mita 15 zai ji ta biyun ta makara kaɗan, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai dai a rage ƙarfin ta nesan. Jinkiri na gaske yakan zo ne idan an bi da sautin ta wata na'ura, kamar talabijin ko babbar amfilifaya, ko kuma lasifikar Bluetooth da aka maƙala wa ɗaya daga cikinsu. Google Home yana da Group delay correction a saitin kowace na'ura, inda ake ja gaba ko baya har sautin ya haɗu. Wanda ke son amfani da tsohuwar babbar rediyonsa mai kyawun sauti ya haɗa ta da kebul, amma ya duba tukuna: Echo Dot na ƙarni na 3 da na 4 suna da ramin kebul na milimita 3.5, na ƙarni na 5 da ya fito a 2022 ba shi da shi, Nest Mini ma ba shi da shi.

Yana da kyau a san cewa abin da rukuni ke iya yi yana hannun kamfani ko bayan an biya kuɗi an kai na'ura gida. A watan Janairun 2022, bayan hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka ta yanke cewa Google ya keta haƙƙin ƙirƙira na Sonos, masu lasifikokin Google sun wayi gari ba sa iya rage ƙarar rukuni gaba ɗaya, sai dai su bi kowace lasifika ɗaya bayan ɗaya. Don haka idan wani abu da aka saba yi ya daina aiki dare ɗaya, ba lallai ne laifin rauta ko na mai gida ba ne.

Idan kowa yana son nasa

Rukuni yana ƙirguwa a matsayin sauraro ɗaya, ko lasifika nawa ne a ciki. Rikicin yana tasowa ne idan ana son waƙa daban a ɗaki daban. Asusun Spotify na mutum ɗaya yana yin sauti ɗaya ne a lokaci guda, don haka idan maigida yana sauraro a mota, yaro ya ce wa lasifikar falo ta saka waƙa, ta motar za ta tsaya. Mafita ita ce tsarin iyali, wanda ke ba da asusu har 6 ga mazauna gida ɗaya, sannan kowa ya haɗa nasa asusun ya kuma koya wa na'urar muryarsa, ta Voice Match a Google ko Voice ID a Alexa. Wannan yana kuma hana waƙoƙin yara cika jerin shawarwarin da manhaja ke kawo wa babba. Wasu gidajen sukan ware asusu ɗaya na lasifikokin gida kawai, wanda ya fi sauƙin sarrafawa idan masu amfani da su suna da yawa.

Tun da makirufo ne aka baza a ɗakuna, ya dace a sanar da duk mazauna gidan. Na'urar tana jiran kalmar farkarwa ne kafin ta aika magana zuwa kamfani, amma takan yi kuskure ta farka da kalmar da ta yi kama da ita, kuma a 2019 an bayyana cewa Amazon da Google da Apple duk suna da ma'aikatan da ke sauraron wani ɓangare na muryoyin da aka naɗa don inganta aikin. Echo da Nest suna da maɓallin kashe makirufo a jikinsu, kuma lasifikar da aka kashe wa makirufo tana ci gaba da waƙa a cikin rukuni, saboda haka ta ɗakin kwana ana iya barinta a haka dindindin. A shiga saitin sirri a zaɓi goge muryoyi kai tsaye, a kashe saye da murya, sannan a Echo a duba Drop In, wanda ke buɗe magana tsakanin ɗakuna ba tare da na ciki ya amsa ba, a kashe shi a duk ɗakin da bai kamata a faɗa wa mutum babu sallama ba.

Idan rukuni ya watse

Idan lasifika ɗaya ta yi shiru sauran suna waƙa, a tambaye ta ƙarfe nawa. Idan ta kasa amsawa, Wi-Fi ne ya kuɓuce mata, sai a zare ta daga wuta a ƙirga talatin a mayar. Idan ta amsa amma ba ta shiga waƙar, a duba a manhaja sunan layin da take kai, domin mai yiwuwa ta koma wani tsohon layi da ta taɓa sani. Idan sautin yana tsinkewa a ko'ina lokaci guda, matsalar daga intanet ɗin waje ce ko data ta ƙare. Idan kuwa a ɗaki ɗaya ne kawai, nisa ne ko bango, sai a matso da ita ko da mita biyu ne zuwa wajen ƙofa. Idan rukunin ya ɓace daga jerin da ke cikin Spotify, a tabbatar wayar ba ta sauka daga Wi-Fi ta koma datar layinta ba, kuma VPN ba ya kunne.

Wanda ya sauya rauta zai iya kauce wa sake saita kowace lasifika idan ya ba sabuwar suna da kalmar sirri irin na tsohuwar, harafi da harafi, sai su hau da kansu. Idan kuwa duk an gwada waɗannan abin bai daidaita ba, a kashe komai, a kunna rautar ita kaɗai a jira minti uku har fitilunta su tsaya, sannan a jona lasifikokin ɗaya bayan ɗaya, ana farawa da mafi kusa da rautar. Idan har yanzu akwai wadda ta ƙi, a goge rukunin a manhaja a sake kafa shi da lasifika biyu, a gwada, sannan a riƙa ƙara sauran ɗaya ɗaya har a kai ga wadda ke kawo tsaikon.